Tarayyar Turai da Ƙananan Maƙwabtanta

Andora da Monako da San Marino da Vatikan da Liktenstain ƙasashe ne masu cin gashin kansu a nahiyar Turai, kuma babu wadda yawan mutanenta ya kai 100,000. Babu ɗayansu da ke cikin Tarayyar Turai, amma dokokin da Tarayyar ke tsarawa a Brussels sun shige musu har ƙuryar ɗaki, alhali ba su da kujera a inda ake yanke shawara.

Harkar kuɗi ta fi bayyana wannan. Huɗun farko suna amfani da yuro bisa yarjejeniya, har an yarje musu buga sulalla masu tambarinsu. Andora ce ta zo ƙarshe, a 2011. A madadin haka suka rungumi ƙa'idojin Tarayya kan bankuna da hana halasta kuɗin haram, ba tare da wakili a Babban Bankin Turai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'yancin zama da neman aiki. Matsayin Tarayya shi ne duk wanda ke son kasuwarta dole ya buɗe ƙofa ga mutanenta, ba a raba ɗaya da ɗaya. Wannan hujja tana da ƙarfi tsakanin Jamus da Faransa, amma ta yi wa ƙasar da ba ta wuce girman gari guda ba nauyi. Tarayyar ma ta san haka. Liktenstain ta shiga kasuwar Tarayyar ta hanyar Yankin Tattalin Arzikin Turai a 1995, aka bar ta ta ƙayyade takardun zama da take bayarwa kowace shekara, rabinsu ma ta hanyar ƙuri'ar sa'a ake raba su. Saboda haka fiye da rabin ma'aikatan ƙasar kullum daga ƙetare suke shigowa da safe, galibi daga Suwizalan da Ostiriya, su koma gida da yamma.

A 2015 aka buɗe tattaunawa da Andora da Monako da San Marino kan shigar da su kasuwar bai ɗaya. Monako, inda 'yan ƙasa suka zama tsiraru a garinsu, ta ƙi sakin fifikon da take ba su wajen aiki da gidaje, aka jingine maganar a Satumba 2023. Sauran biyun sun kammala a Disamba 2023, bayan an sassauta musu kan batun zama, gwamnatin Andora kuma ta ɗauki alkawarin miƙa yarjejeniyar ga ƙuri'ar raba-gardama.