Christian Okoye: Mai Jifan Faifai da Ya Gagari Amurkawa

A shekarar 1984, da aka fitar da sunayen 'yan wasan da za su wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta birnin Los Angeles, babu sunan Christian Okoye. Haifaffen Enugu ne na 1961, gwani a jifan faifai, kuma tun 1982 yake karatu a Jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya. Takaicin wannan hukunci ne ya kai shi ga wasan da bai taɓa bugawa ba, wato ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu a kutsa da ita cikin abokan hamayya.

Ya fara yana da shekara 23, lokacin da tsaransa suka kwashe shekaru suna wasan. Sai da aka koya masa dokoki daga tushe. Amma Allah ya hore masa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba: jiki mai nauyin fiye da kilo 110, da gudu irin na 'yan tsere. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi. A 1989 ya zarce kowa a gasar NFL wajen gudu da ƙwallo, inda ya ci yadi 1,480. Masu tsaron baya kan taru a kansa kafin su kayar da shi, har aka yi masa laƙabi mai ma'anar mugun mafarkin da ya fito daga Najeriya.

Ƙarfin da ya ɗaga shi ne kuma ya gajarta zamaninsa. Karo da jiki kullum ya lalata masa gwiwa, kakar 1992 ta zama ta ƙarshe gare shi. A 2000 ƙungiyar ta sa sunansa cikin jerin gwarazanta na tarihi.

Ƙaramar jami'a ce ta ceto baiwar Okoye, saboda tana da fili, da masu horarwa, da tallafin karatu ga ɗan wasa. A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, samari masu ƙarfi kan gwada kansu a fagen dambe da kokawa bayan kaka. Tun 2011 akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma. Abin da ya rage shi ne a buɗe hanya daga fagen kokawa zuwa filin makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.