Alamci da Soyayyar Ƙuruciya a Wasan Majnunu Laila na Ahmad Shauƙi

Labarin Laila da Majnunu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Asalinsa labarin Ƙaisu ɗan Mulawwahu ne, mawaƙin Banu Amir, wanda ake cewa ya rayu a ƙarni na 7. Abul Faraj al-Isfahani ya tattara ruwayoyinsa cikin Kitabul Agani a ƙarni na 10, Nizami ya waƙe shi da Farisanci a 1188, sa'an nan Ahmad Shauƙi na Masar, wanda ya rasu a 1932, ya mayar da shi wasan kwaikwayo cikin waƙa a ƙarshen rayuwarsa. Wannan maƙala za ta dubi alamomi uku da Shauƙi ya gina wasan a kansu.

Ta farko ita ce wuta. Ƙaisu ya zo gidan su Laila da sunan ɗiban wuta, abin da mutanen ƙauyukanmu irin su Yasore suka sani sarai tun kafin ashana ta wadata. Zance ya ɗauke masa hankali har wutar ta kama hannun rigarsa bai sani ba. Wato so yana cinsa, amma bai ji zafi ba.

Ta biyu tunkiya ce da aka yanka masa don magani bisa umarnin boka, aka cire zuciyarta. Ƙaisu ya ƙi ci. A nan Shauƙi yana nuna al'ummar da ke neman warkar da ciwon zuciya ba da zuciya ba.

Ta uku Dutsen Taubadi ne, inda su biyun suka yi kiwo suna yara. Dutsen yana nan yadda yake, ƙuruciyar ce ta wuce.

Tushen musibar kuwa al'ada ce: a da Larabawa ba su ba saurayi yarinyar da ya fallasa sunanta cikin waƙa. Da Ibn Aufu ya nema wa Ƙaisu aurenta, uban ya bar wa Laila zaɓi, ita kuma da bakinta ta ƙi shi, ta zaɓi Wardu, don kare mutuncin gidansu. Baƙin ciki ya kashe ta, Ƙaisu ya cika a kan kabarinta.

Saboda haka kuskure ne malami ya koyar da wasan a matsayin labarin auren dole kurum. Ba a ɗaure Laila ba. Kunya ce ta yi magana da harshenta. Mai nazarin kunya a adabin Hausa yana da abin kwatance a nan.