Tarihin Goyo Da Yaye A Ƙasar Hausa

Ku 'yan makaranta, mun san da yawanku kuna iya faɗin shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, watau 1804, da shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, watau 1903. Wannan abu ne mai kyau. Amma ku tuna, babu sarkin da ya hau gado, babu malamin da ya buɗe littafi, sai da wata mace ta goya shi, ta shayar da shi, ta yaye shi, ya kuwa tsira daga cututtukan da suka kwashe tsararrakinsa. Saboda haka yau muna so mu ba ku labarin shekaru biyu na farkon ran ɗan Adam a ƙasarmu, yadda kakanninmu suka tsara su, da abin da zamani ya tabbatar, da abin da ya gyara.

Masu rubuta tarihin dā maza ne, alƙalaminsu kuwa ba ya wuce zaure. Amma Allah ya yi mana gyaɗar dogo da wata tsohuwa, sunanta Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta rasu cikin 1951. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Aka juya labarin da Turanci, aka buga shi a Landan cikin 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi har ta aurar da su, don haka ta san sha'anin goyo ciki da bai. Abin da ta faɗa, da abin da mu ke ji daga bakin tsofaffinmu, da abin da likitoci suka rubuta daga baya, su ne madogararmu.

A zamanin dā, in yarinya ta sami cikin fari, ya kai wata bakwai ko takwas, sai a mai da ita gidan iyayenta, abin da a ke kira goyon ciki. Can za ta haihu. Ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Uba ya yi wa ɗa huɗuba a kunne, a raba goron sanarwa. Ran da kwana bakwai suka zagayo, a taru da sassafe, liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, mata su yi yinin biki. Ɗan farin nan kuwa uwarsa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, gama kunya ta hana. Kada ku zaci rashin so ne. Abin da al'adar ta haifar shi ne, tun ranar farko yaro ya sami hannuwa da yawa: kaka mai kiransa maigida tana tsokanarsa, goggo, inna, da 'yar goyo wadda za ta ɗaure shi a bayanta da majanyi. In uwa ta kwanta ciwo, ko ta rasu, ba a rasa wanda yaron ya saba da shi ba.

Ita mai jego, kwana arba'in ta ke yi ana jiyyarta. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, ta yi wanka da shi tana fyaɗa wa jikinta da ganyen tsamiya ko na runhu. A ba ta ƙauri, da gasasshen nama mai yaji, da kunun kanwa. A waɗansu wurare, musamman ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, har gadon ƙasa a ke gina mata, a hura wuta ƙarƙashinsa, wai don kada sanyi ya shige ta. Hutun nan na kwana arba'in da abinci mai kyau alheri ne babba, babu likitan da ya kushe su. Amma cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura mata masu jego da yawa suna zuwa musu da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bincika, suka ga kanwa tana da gishiri mai yawa, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki, ga kuma zafin wanka da na gado yana ƙara wa zuciya aiki. Ashe abin da aka yi don tsaron mai jego, in ya yi yawa, shi ke kayar da ita. Jaririn da uwarsa ta kwanta kuwa, nononsa ne ya kwanta.

To, mu zo ga shayarwa, gama ita ce ginshiƙin al'amarin duka. Alƙur'ani mai girma, cikin sura ta biyu, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Shari'a ta girmama nono har ta mai da shi dangantaka: yaran da suka sha nono ɗaya 'yan'uwa ne, ba aure tsakaninsu. A kan wannan Hausawa suka ɗora tasu al'ada. Mace mai goyo takan nisanci ɗakin mijinta har ta yaye, ana cewa in ta yi ciki nono zai ɓaci. Wadda ta yi ciki da goyo a baya, a ce ta yi kwanika, abin kunya ne gare ta da mijinta, mata su yi ta yi da su a bakin rijiya da wajen daka. Saboda haka tsakanin yaro da ƙanensa akan sami wajen shekara uku. Tsofaffinmu ba su da ma'aunin likita, amma sun ga da idonsu ɗan kwanika shi ke ramewa. Binciken zamani bai ƙaryata su ba: ciki ba ya sa wa nono dafi, amma yakan rage shi, ya sa a yaye yaro da wuri, uwa kuma ta haihu jikinta bai gama komowa ba.

Akwai wuri guda da kakanninmu suka yi kuskure, ya kuwa kamata mu faɗe shi a fili. Nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda a ke kira dakashi, sun ɗauke shi ƙazanta. Sai a matse shi a zubar, a yi kwana biyu ko uku ana ba jariri ruwa, ko nonon akuya ko na saniya. Waɗansu har gwada nonon su ke yi: a tatsa a ludayi, a jefa tururuwa ciki, in ta fita a ce nono ya yi kyau, in ta mutu a ce mugu ne, a shiga wanke mama da magani. Alhali kuwa dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, cike ya ke da abubuwan da ke kare hanjinsa daga cuta. Ruwan randa da a ke ɗura masa a madadinsa, shi ke kawo gudawa. Haka kuma cire beli da wanzami ke yi cikin kwanakin farko: jini yakan zuba, ƙarfe ɗaya kuma ya shiga bakin yara da yawa.

In shekara biyu ta kusa, sai a sa ranar yaye. A karɓo rubutu wajen malam, a shafa wa mama abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka ko wata goggo. Ya yi kukansa na kwana biyu ko uku, a lallashe shi da kunu da fura, har ya manta. Sau da yawa daga yaye sai riƙo: mai yayen ta ce ta riƙe shi ke nan, ya girma a hannunta. Da haka wadda ba ta haihu ba, irin su Baba, ta ke samun mai ɗebe mata kewa, maraya kuma ya sami uwa. Ko Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa cikin 1793, tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sauran matan Shehu ne suka rene ta, ta tashi ta zama malamar matan ƙasar nan.

Amma fa yaye shi ne mashigi mai haɗari. Jiya yaro yana shan nono, yau sai kunu tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Cikinsa ƙarami ne, kunun ya cika shi, bai kuwa ba shi abin gina jiki ba. In aka yi rashin sa'a yayen ya faɗo cikin bazara ko tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga sauro, ga ƙyanda, sai tamowa ta kama shi. A shekarar yunwa kuwa, irin ta Kakalaba da ta auka wa ƙasar Kano cikin 1914, ƙananan yara su ne farkon tafiya.

Wadda ta fara bayyana wa likitocin duniya wannan ciwo wata likita ce mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, wadda aka aika Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana tun 1957. A asibitin yara na birnin Ankara ta ga ana kawo yara masu kumburin ƙafa, gashinsu ya yi ja, fatarsu tana saɓulewa, ba su da abinci sai kunun masara. Ba ta raina matan garin ba, ta tambaye su sunan ciwon. Suka ce kwashiyoko, watau da harshen Ga ciwon da yaro ke yi in an ture shi daga nono saboda ƙanensa. Ta rubuta bayaninsa cikin 1933, ta sa masa wannan suna cikin 1935, ta kuma nuna madara tana warkar da shi. Ku duba, abin da matan Ga suka sa wa suna, shi ne abin da matan Hausa ke gudu da su ke kushe kwanika. Ilmin yana wurin iyaye mata, sai da aka sami mai saurarensu ya shiga littafi.

Daga baya wata fitina ta ɓullo daga waje, watau madarar gwangwani da bulumboti. 'Yan kasuwa suka yi ta tallarta a birane, har mata suka ɗauka ita ce wayewar kai. Madarar tana da tsada, sai uwa ta tsinka ta da ruwa don gwangwani ya daɗe. Ruwan ba tafasasshe ba, bulumbotin ba wankakke ba, yaro ya haɗu da yunwa da gudawa gaba ɗaya. Likita Williams ɗin nan ta yi jawabi mai zafi a kan haka a Singafo tun cikin 1939, amma sai cikin 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar da ta taƙaita tallar irin wannan madara, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Cikin 2001 kuma hukumar ta tsai da shawara: wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a ƙarawa, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Aka yi doguwar tafiya, aka komo kan shekara biyun da kakanninmu suka sani.

Saura labari guda, na gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗarmu ta yi ta tafiya Turai buhu-buhu, har aka yi dalar gyaɗa. Cikin 1996 waɗansu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, suka ƙulla a 'yar leda, suka sa mata suna Plumpy'Nut. Ba ta bukatar ruwa ko wuta, don haka uwa tana iya ba ɗanta a gida, ba sai ta bar sauran yara da gona ta tare a asibiti ba. Da yunwa ta tsananta a Nijar cikin 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar yara masu tamowa fiye da 60,000, galibinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu kuwa a ɗakunan iyayensu suka warke. Gyaɗar da ke cikin ledar nan, irinta ce ke fitowa a gonakinmu.

To, ku 'yan makaranta, da yawanku kuna da ƙane a bayan inna yanzu haka, wata rana kuma ku ne iyaye. Kada ilmin boko ya sa ku koma gida kuna yi wa kaka dariya, gama ita ta riƙe shayarwar shekara biyu da tazarar haihuwa tun likita bai zo ba. Kada kuma kunya ta sa ku yi shiru in kun ga za a zubar da dakashi, ko za a ɗura wa jaririn wata biyu ruwan randa. Ku sami babba wanda a ke jin maganarsa a gidan, ku gaya masa da ladabi. In an zo yaye, ku roƙa a yi kunun da kauri, a sa masa gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli ko wake, a ba yaro ƙwai da ganyen zogale in da hali, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a kwanonsa shi kaɗai, don kada yayyensa su cinye ya tashi da yunwa. In ƙafarsa ta fara kumbura, ko gashinsa ya fara ja, asibiti za a nufa ran nan, ba a jira kasuwa ta ci.

Allah ya raya mana ƙannenmu, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.