Laifin Kura da Hakkin 'Ya'yanta: Tsohuwar Muhawara a Bakin Dajin Gundumi

A watan Maris na 1824, Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa dajin Gundumi a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daji ne mai faɗi, marar ruwa da rani, wanda ayari ke ƙetarewa cikin gaggawa saboda ƙishirwa da tsoron mahara daga Gobir. A gefen yammacin wannan daji ne Wurno da Rabah da Goronyo suke, kuma duk garin da ya jingina da daji irin wannan, maƙwabcinsa na kusa shi ne kura.

Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan kuma ya rasu a 1837. Cikin manufofinsa, kamar yadda Murray Last ya nuna a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, akwai zaunar da Fulani makiyaya wuri ɗaya da ƙarfafa musu kiwon tumaki da awaki da dawaki da raƙuma, maimakon dogaro ga shanu kaɗai. Manufar ta tsaro ce da ta addini, amma tana da wani sakamako da ba a cika ambata ba. Garken shanu mai yawo yana da ƙaho da makiyayi a tsaye. Akuyar da ke kwana a turke a bayan danga kuwa, kura da dila sun san inda za su same ta kowane dare. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai ta hanyar Maroko, dukiyar mata ce da talakawa. Wanda kura ta ɗauke wa akuya mai ciki bai yi ƙaramar asara ba.

Saboda haka ba a taɓa musun halaccin kashe kurar da ta addabi gari ba. Aikin mahalba ne, kuma Sarkin Baka yana da girmansa a kansa. Tambaya mai wuya tana tasowa ne idan an bi sawu har bakin rami, aka tarar uwar ba ta nan, sai 'ya'ya biyu baƙaƙe da ba su taɓa ɗanɗana nama ba. A toshe ramin a tura hayaƙi, ko a juya?

Littattafan da malaman Wurno ke karantarwa sun taɓa wannan mas'ala, ko da yake a babin aikin hajji. Hadisi ya ba mai ihrami izinin kashe wasu halittu masu cutarwa, ciki har da kare mai cizo. Imam Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa zaki da damisa da kyarkeci, wato masu afka wa mutane, ya kuma cire kura da yanyawa daga wannan izini. Mai yiwuwa kurar da ya sani a Hijaz ita ce sayaki mai ratsi-ratsi, mai tsoro, ba dabbare-dabbaren da ke fasa garke a ƙasar Hausa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sharaɗin da Mukhtasar na Khalil ya gindaya: ana kashe mai farmaki ne idan ya girma. Ƙarami bai cutar da kowa ba tukuna, don haka dalilin kashe shi bai tabbata ba. Hukuncin na mai ihrami ne, ba dokar farauta ba ce ga manomin Goronyo, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa a fili yake. Cutarwa ce ke halatta jini, kuma ana auna ta a kan dabbar da ta aikata.

Turawa sun zo da wani ma'auni. A ranar 19 ga Mayu 1900, ƙasashen da suka raba Afirka suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kare namun daji. Ta hana kashe 'ya'yan giwa da ɓauna da dangin barewa, ta kuma hana harbin matansu idan suna tare da ƙanana. Sai dai a jerinta na biyar ta lissafa dabbobin da ake son rage yawansu: zaki, damisa, kura, kyarkeci, gwaggon biri, kada, mesa da macizai masu dafi. Ta ma ƙarfafa a riƙa fasa ƙwan kada da na mesa. Yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba domin ba duka ƙasashen suka tabbatar da ita ba, amma ruhinta ya shiga dokokin mulkin mallaka, har da dokar kare namun daji ta Nijeriya ta 1916. Tausayin ƙaramin dabba ya zama na wanda Bature ke sha'awar harbi idan ya girma. Ɗan barewa jari ne na gobe. Ɗan kura kuwa mai laifi ne tun ranar haihuwa, saboda jinsinsa. Lokacin da Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963, a ƙarƙashin Firimiya Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya riƙe hakimcinta daga 1934, tsarin jerin sunaye da lasisi ne aka ci gaba da shi.

Inda aka kai wannan tunani ƙarshensa shi ne Amurka, a kan koyoti, wani ɗan'uwan dila mai cin tumaki. Dokar tarayya ta 1931 ta ba gwamnati ikon yaƙar irin waɗannan dabbobi, kuma cikin dabarun da ma'aikatanta suka yi amfani da su akwai neman ramuka a lokacin haihuwa a hallaka 'ya'yan. Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Wani bincike da Till da Knowlton suka buga a 1983 daga jihar Wayomin ya nuna cewa cire 'ya'yan kaɗai, ba tare da taɓa iyayen ba, ya rage kisan tumaki da kusan kashi 90 cikin 100, domin ciyar da ƙanana ne ke tura iyaye cikin garke. Makiyayin da ya yi asara zai ce ran ɗan rago ma rai ne. Amma abin da ya yi aiki a garke ɗaya a kaka ɗaya bai yi aiki a ƙasa baki ɗaya ba. Bayan shekaru masu yawa na tarko da guba, wadda Shugaba Nixon ya taƙaita amfani da ita a 1972, koyoti ya bazu daga filayen yamma har gaɓar gabas, ya shiga manyan birane. Yana haihuwa da yawa, kuma inda aka rage shi, waɗanda suka saura suna samun abinci su cike gurbin.

Kura ba haka take ba, kuma a nan kwaikwayon hujjar Amurka ke rushewa. Yawanci 'ya'ya biyu take haifa, tana shayar da su fiye da shekara, kuma ba kasafai take kai musu nama rami ba. Kashe 'ya'yanta ba ya hana ta zuwa turke, yana dai yanke zuriyarta. Dila, wanda ke amayo wa 'ya'yansa abinci kuma yake haihuwa da yawa, shi ne ya fi kama da koyoti, shi ne kuma ya fi jure wa mutane.

A ƙetaren iyaka, hukumar kiwo ta Faransa a Nijar ta yi ta zuba gubar sitiriknin a mushe, aikin da ya ci gaba bayan samun 'yanci a 1960. Guba ba ta tambayar shekaru ko laifi: ta ci kura da dila da zaki, ta haɗa da ungulu, wadda yarjejeniyar 1900 kanta ta ce a kare. Uwar da ta mutu a bakin mushe ta bar na rami su mutu da yunwa, ba tare da wani mahalbi ya tsaya ya yanke shawara ba. Sauran aikin kuma gatari da garma suka ƙarasa. Noman rani na Wurno, madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, da ƙaruwar jama'a, sun cinye fadama da kurmin da namun daji ke fakewa. A Nijeriya ta yau, an fi samun kura a gandun daji irin Yankari da Gashaka Gumti, ko kuma da takunkumi a bakinta a hannun gardi ranar kasuwa.

Gundumi na nan, ko da yake ya sirance. Mutanen Goronyo da Wurno da Rabah har yanzu suna kwana da kunne a kan turke, sai dai waɗanda ke fitowa daga dajin su kore garke a shekarun nan suna zuwa ne a kan babura, da bindigogi.