Yatsa ɗaya tsakanin murna da kewa: tarihin akor minar a kan gitar

Mai koyon gitar yakan fara da akor, wato amo uku ko fiye da ake kaɗawa tare. Akor na Mi majar yatsu uku yake buƙata. In ɗalibi ya ɗage manuniya daga gaɓar farko ta tsirkiya ta uku, sai ya koma Mi minar: amon tsakiya ya sauka kaɗan, tazararsa da amon tushe ta ragu daga gaɓa 4 zuwa 3. Nan take akan ce wa ɗalibi majar na murna ne, minar kuwa na baƙin ciki. Wannan hukunci yana da mafari, kuma ya kamata malami ya san shi.

A shekarar 1558, a birnin Banis na Italiya, masanin kiɗa Zarlino ya rubuta cewa akor mai babbar tazara yana kawo fara'a, mai ƙaramar tazara kuwa yana karkata ga jimami. A 1722 Bafaranshe Rameau ya wallafa littafinsa kan haɗa amo, wanda ya zama ginshiƙin koyarwa a Turai. Da gitar mai tsirkiya 6 ta yaɗu daga ƙarshen ƙarni na 18, sai ta tafi da wannan ra'ayi cikin littattafan koyonta.

Amma a Sahara ta wata ƙofa gitar ta shigo. Bayan farin 1973, samarin Abzinawa na Mali da Nijar suka kwarara Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can ƙungiyar Tinariwen ta samo asali, wajen 1979. Ba su da littafi. Da kunne suka koya, suka ɗora wa gitar tsarin amo biyar da suka gada, wanda ya yi kusa da minar, suna iya daɗewa kan akor guda. Sun kira salon asuf, wato kewa. A lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, kaset-kaset na Abdallah Oumbadougou, ɗan yankin Agadas, a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu.

Bayan sulhun Afrilun 1995, wannan amo ya fito fili, ya zama kiɗan biki da rawa a Agadas. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kai shi har dandalolin Amurka.

Ke nan minar ba ya da ma'ana guda. Al'umma ce ke ba shi ma'ana. Malamin da ke koya wa yaro ɗage yatsa yana fassara masa da "baƙin ciki" kaɗai, ya koya masa kunnen wasu. Gara a kaɗa masa akor ɗin, a sa masa waƙar bikin Agadas, sannan a tambaye shi abin da ya ji.