Tabarau mai allo da tuƙi: abin da ya kamata direba ya sani

Ƴan uwa masu saurarenmu na Filinge da ƙauyukan Kurfai, da ku da ke ci-rani a ƙetare, wannan bayani ne a kan wata na'ura da ta fara yaɗuwa a duniya: tabarau mai allo. Kamar yadda wayar salula ta iso mu, watarana shi ma zai shigo cikin tsarabar wani. Gara mu san shi tun bai hau hanyar Yamai ba.

Mene ne shi?

Tabarau ne mai ɗauke da ƴar ƙaramar kwamfuta, wanda ke nuna saƙo, taswira ko bidiyo dab da ƙwayar ido. Iri biyu ne. Akwai mai gilashi garau, kana ganin gabanka, rubutu na yawo a kai: irinsa ne Google Glass na 2013, da Meta Ray-Ban Display da ya fito a 2025. Akwai kuma mai rufe ido ruf, wanda abin da ke gabanka ma sai kyamara ta ɗauko ta nuna maka. Apple Vision Pro ke nan, da aka fara sayarwa a Amurka a Fabrairun 2024 kan dala 3,499, sama da sefa miliyan 2.

Ina haɗarin yake?

Wani zai ce: ai idona na kan hanya, ya fi in sunkuya kan waya. To, ido ba ya tuƙi shi kaɗai, sai da hankali. Mutum na iya zura wa abu ido bai gan shi ba, in zuciyarsa na wajen karatun saƙo. A wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta wallafa a 1980, an sa matuƙa jirgin sama su gwada sauka a na'urar koyo, bayanai na fitowa a gilashin gabansu. Wasunsu ba su lura da wani jirgi da ya tare filin saukar ba, alhali yana gabansu ƙiri-ƙiri. Ƙwararru ke nan fa.

Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowane sakan. Karanta gajeren saƙo na sakan 3, ka yi mita 75 ke nan ba tare da sanin abin da ke gabanka ba. A kan hanyar RN25, wadda ta taso daga Yamai ta bi Baleyara da Bonkuku ta iso Filinge, mita 75 sun isa garken shanu ya ratso, ko amalanken jaki marar fitila, ko yaro ya biyo akuya a guje. Ranar Lahadi ta kasuwar Baleyara kuwa, ba sai an gaya wa kowa ba. Da dare ko cikin hazon hunturu abin ya fi muni, don hasken da ke dab da ido na rage ganin abin da ke cikin duhu. Mai rufe ido ruf kuma, in ya ɗauke ana cikin gudu, duhu kawai zai bar maka.

Me aka yi a wasu ƙasashe?

A 2013 ɗan sanda ya rubuta wa wata mata takardar laifi a San Diyego saboda tuƙi da Google Glass. Kotu ta sallame ta a Janairun 2014 don ba a tabbatar tabarau ɗin na kunne ba. Wannan ya nuna wahalar da ke ciki: jandarma na iya hango waya a hannu, amma ba zai ga abin da ke cikin gilashin idonka ba. A 2024, da bidiyoyin masu tuƙi da Vision Pro suka bazu a intanet, ministan sufurin Amurka na lokacin, Pete Buttigieg, ya fito ya ja kunne cewa dole direba ya kasance shi ke riƙe da motarsa a kowane lokaci. Kamfanin Apple da kansa ya hana amfani da shi ana tuƙi. Faransa kuwa, tun 1 ga Yulin 2015 ta haramta wa direba da mai babur sa abin saurare a kunne. Tararsa yuro 135, wajen sefa 88,500.

Mu kuma fa?

Ƙanin wannan tabarau ya riga ya zauna cikinmu: waya a hannun direba, abin saurare a kunnen ɗan kabu-kabu, sautin WhatsApp ana ratsa gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4, kuma ko ba a hannu wayar take ba, bambancin kaɗan ne. Ta kuma ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. A nan gida, duk mun san nisan da ke tsakanin daji da asibiti.

Abin yi

Direba: tabarau mai allo a tuɓe shi, a sa a jaka kafin a tada mota. Kira ko saƙo ya shigo, a ratse gefe a tsaya, ko a miƙa wa yaron mota.

Mai babur: kunne a buɗe don jin oda, kai cikin hular kwano.

Fasinja: kana da bakin magana. "Malam direba, don Allah aje wayar nan" ba rashin kunya ba ce, ranka ne a ciki.

Ƴan uwa na ƙetare: in za ku aiko wa ƙane ko ɗa irin wannan kaya, ku haɗa da gargaɗi. In kun kira kuka ji ƙarar mota, ku ce sai ya sauka, ku kashe.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.