Saurin Amsa da Zargin Sata: Nazari kan Jingar Kemistiri ta Intanet da Ɗaliban Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manhajojin jinga ta intanet ke auna ƙwazon ɗalibi a darasin kemistiri na shekarar farko a jami'a, ta gwama ma'auninsu da yanayin ɗaliban da suka fito daga ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa. An gano cewa alamomi biyu da ake kafa hujja da su wajen zargin satar amsa, wato saurin shigar da amsa da barin aiki sai ranar ƙarshe, suna iya bayyana a kan ɗalibin da bai saci komai ba.

Gabatarwa

Darasin CHM 101, wanda ke cikin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, mahaɗa ce ta ɗaliban likitanci da noma da injiniya da sauran fannonin kimiyya. A manyan jami'o'i irin su Jami'ar Bayero, ɗaruruwa ne ke zama a ɗaki guda, kuma babu malamin da zai iya duba jingar kowa da jan biro kowane mako. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, korona kuma ta rufe makarantu a 2020, ake ta kiran a miƙa wa na'ura wannan aiki. Kiran yana da hujja. Tambayar ita ce: wane irin ɗalibi na'urar ke zaton yana gabanta?

Waiwaye

Bonham da abokan aikinsa (2003) sun kwatanta jingar takarda da ta intanet a darasin fiziks a Amurka, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a sakamakon ɗalibai. Eichler da Peeples (2013) sun gwada manhajojin MasteringChemistry da ALEKS a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, suka ga masu kammala aikin ALEKS sun fi samun maki a jarrabawar ƙarshe. Babu jayayya da waɗannan.

Jayayyar tana kan aikin Palazzo da abokan aikinsa (2010) a jami'ar MIT. Sun bi sawun ɗaliban fiziks a MasteringPhysics, suka ƙirga lokacin da ke tsakanin buɗe tambaya da shigar da amsa daidai. Idan lokacin ya yi kaɗan har ba zai isa a karanta tambaya a warware ta ba, sai su ɗauka an kwafa. Sun kuma lura cewa masu yawan kwafa kan bar aiki sai wa'adi ya ƙarato, kuma sun fi faɗuwa a jarrabawa. Aiki ne mai kyau a inda aka yi shi. Amma ya ginu a kan zaton cewa kowane ɗalibi na da kwamfutarsa, da wuta, da intanet a duk lokacin da ya ga dama, shi ya sa lokacin da na'ura ta rubuta ya zama daidai da lokacin da ɗalibi ya yi tunani.

Dabarun Bincike

An fitar da zato uku da ma'aunin ya dogara a kansu: na'ura ɗaya ga mutum ɗaya, aiki a gaban allo, da 'yancin zaɓen lokaci. Aka auna kowanne da sanannen yanayin yankin da Mortimore da Wilson (1965) suka bayyana a matsayin karkarar Kano mai cunkoson jama'a da noma ba hutun ƙasa.

Sakamako

Zaton aiki a gaban allo ne ya fara rushewa. Data kuɗi ce, kuma ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Cajin waya ma a ƙauye da yawa biya ake yi a shagon mai janareto ko sola. Ɗalibi mai hankali ba zai bar data tana zuba ba yana lissafi. A ce an tambaye shi yawan naitirojin da ke cikin buhun yuriya mai kilo 50. Zai ɗauki hoton tambayar a wayar abokinsa, ya koma takarda: nauyin mol ɗaya na yuriya giram 60, naitirojin a ciki giram 28, kusan kashi 47 cikin ɗari ke nan, wato wajen kilo 23 a buhu. Sai ya shiga shafinsa, ya buɗe tambayar, ya zuba amsar cikin daƙiƙa ashirin, ya kashe data. A wurin na'ura wannan ɓarawo ne. Idan kuma mutum huɗu suka yi karo-karo suka sayi data a waya ɗaya, suka shiga bi da bi, rajistar manhajar za ta nuna na'ura ɗaya da amsoshi huɗu cikin minti kaɗan. Ko sun kwafa ko kowa ya yi nasa, hoton ɗaya ne, ma'aunin ba shi da hanyar rarrabewa.

Haka batun ranar ƙarshe. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na Fabrairu zuwa Oktoban 2022 ya karkatar da kalandar karatu, zango ya riƙa faɗawa cikin damina da kaka. Gidan da ke rayuwa a kan 'yar gonar gero da dawa da wake ba ya yafe hannun saurayi a lokacin noman firi ko girbi. Ɗalibi ya tafi gida Juma'a, ya dawo yammacin Lahadi, wa'adi kuwa sha biyun daren Lahadin ne, domin haka aka saba saita shi. Ba lalaci ya kai shi ranar ƙarshe ba. A ƙarshen makon, ita kaɗai ce ranar da yake da sabis. Katsewar wutar da ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki a Oktoban 2024 ta nuna cewa ko ɗan birni bai tsira ba.

Akwai ƙaramar matsala da ta keɓanta da kemistiri: madannin waya kan mayar da CO ya koma Co, iskar gas mai guba ta zama ƙarfen kobalt, a cire wa ɗalibi maki kan laifin waya.

Gyaran matsalar ma'aunin ba ya buƙatar sayen lasisi da dala. Manhajar Moodle kyauta ce, tana iya ba kowane ɗalibi alƙaluma daban a tambaya ɗaya, wanda ya fi ƙirga daƙiƙoƙi maganin kwafa. Manhajarta ta waya tana barin a sauke jinga a yi ba tare da intanet ba, muddin ba a sa mata agogo ba. Abin da za a rasa shi ne gyara nan take, sai an koma kan sabis a ga sakamako. Wannan rashi ne na gaske, amma ya fi a zargi mai gaskiya sauƙi. Wa'adi kuma a mayar da shi Talata da rana.

Iyakar Bincike

Za a ce ba a kawo alƙaluman ɗalibai ba, kuma satar amsa na faruwa a nan kamar ko'ina. Duka gaskiya ne. Nazarin bai ce ba a kwafa ba, ya ce wannan ma'auni ba zai iya nuna wanda ya kwafa ba. Bai kuma taɓa yanayin ɗalibai mata ba, waɗanda ayyukan gida ke yanka lokacinsu ta wata fuskar. Mai son ƙaryata sakamakon sai ya haɗa rajistar manhaja da takardun lissafin ɗalibai na zango guda, ya gwama su da makin jarrabawar da aka yi a gaban mai sa ido.